Masu Bin Sawun Sanƙarau A Ƙasar Gumel

Duk ranar Alhamis kasuwar Maigatari kan cika maƙil da fatake da dabbobi daga Damagaram da sauran sassan Jamhuriyar Nijar. Ga ɗan kasuwa wannan arziki ne. Amma ga jami'in binciken annoba, cinkoso a lokacin hunturu da bazara, sa'ad da ƙura ke busar da hanci da maƙogwaro, shi ne ƙofar da sanƙarau ke bi.

Haka kuwa aka yi. Cutar ta ɓulla a jihar Damagaram a cikin Oktoba na 2022, sa'an nan ta bayyana a wannan gefen iyaka. Ya zuwa tsakiyar Afrilu na 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum 1,686 ake zaton sun kamu a Nijeriya, 124 sun rasu, kuma wajen kashi uku cikin huɗu na masu cutar 'yan Jihar Jigawa ne. Maigatari da Sule Tankarkar suka fi jin jiki.

Aikin wannan jami'i ba a cika ganinsa ba, domin rabinsa ƙidaya ce. Yakan bi asibitoci da ɗakunan shan magani yana rubuta duk wanda ya zo da zazzaɓi da sanƙarewar wuya: shekarunsa, ƙauyensu, ranar da ciwon ya fara. In aka sami mutum 10 cikin 100,000 a mako guda, to annoba ta tabbata. Daga nan sai a ɗebi ruwan ƙashin baya a aika ɗakin gwaji, don a san irin ƙwayar.

Nan ne gizo ke saƙa. Allurar MenAfriVac da aka soma yi a 2011 ta karya lagon ƙwayar A, amma wadda ta auko a 2023 ƙwayar C ce, wadda waccan allura ba ta tsarewa. Sai da gwaji ya nuna haka aka kawo allurar da ta dace zuwa Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar. A Maris na 2024 kuma Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta yi amfani da Men5CV, mai maganin iri biyar.

Abin da ke ɓata lissafin shi ne yaron da aka kwantar a gida ana jiƙe-jiƙe. Sunansa ba ya shiga littafi, ga shi kuwa sanƙarau na iya kisa cikin kwana guda.