Ƙurar da ke Kewaye da Taurari

Kai mai karatu, ko a Gaya ka ke ko a Ajingi, in kana tashi sahur ka san alfijir biyu ne. Na fari shi ne alfijirin ƙarya, haske ne mai miƙewa tsaye daga gabas. Malamai sun ce shi ba ya hana cin sahur, ba kuwa a sallar asuba da shi, sai alfijirin gaskiya ya keto, wanda ke shimfiɗuwa a gicciye. To, ka san abin da ke kawo na farin?

Ƙura ce. Ba irin ta hunturu ba, wata ce can nesa a sarari, tana kewaya rana tare da duniyarmu. Hasken rana ya kan faɗa mata, mu kuwa mu hango ta tun gari bai waye ba.

Ranan nan tamu tauraro ce, shekarunta wajen miliyan 4,600, ƙurarta ta ragu ƙwarai. Amma akwai taurari masu ƙuruciya waɗanda tasu ke da yawa. Da sanyi, bayan lisha, ka dubi kudu, ƙasa ƙasa, ka ga wani babban tauraro da Larabawa ke kira Suhail. Yamma da shi kaɗan akwai wani ƙarami, masana na ce da shi Beta Pictoris. Shekarunsa wajen miliyan 20 kaɗai, jariri ke nan cikin taurari. A 1984 aka ɗauki hotonsa daga ƙasar Chile da madubin hangen nesa, sai aka ga ƙura ta kewaye shi kamar faifai.

Ƙurar nan ba ta daɗewa, gama hasken tauraron ya kan kore ta. Ina a ke samun sabuwa? Ka tuna da masussuka: inda ka ga ƙaiƙayi na tashi, ka san ana sussuka. Haka nan can, duwatsu ne ke karo da juna suna niƙewa. Su ne ragowar kayan da a ka yi duniyoyi da su.

Da a ka ƙara dubawa, sai a ka ga tsakiyar faifan a karkace. Masana su ka ce lalle akwai wani abu mai nauyi da ke jansa. Ba su gan shi ba, sawunsa su ka gani, kamar yadda maharbi ya kan san naman daji ya wuce. A 2008 wata masaniya Bafaranshiya, Anne-Marie Lagrange, da abokan aikinta su ka bayyana hotonsa. Ashe wata duniya ce, nauyinta ya yi na Mushtari wajen sau 10, tana kewaya tauraron sau ɗaya cikin shekara 20 da 'yan kai.

Saboda haka in ka sāke ganin alfijirin ƙarya, ka ci sahurinka, amma ka ɗaga kai ka duba. Irin ƙurar nan ce, ta gidanmu. Ikon Allah ya wuce mamaki.