Yadda Ake Haɗa Tarakta Bayan Gyaran Ambarayaji

Manoma da direbobi da masu gyara, ku saurara da kyau. Yau maganarmu bisa tarakta take.

Tarakta irin Massey Ferguson 135, wadda aka ƙera daga 1964 zuwa 1975, ba ta da gangar jiki kamar mota. Moter da akwatin bitesi su ke riƙe da juna. Ambarayaji, wanda waɗansu ke kira kuloci, yana tsakaninsu. In ya lalace, sai an raba tarakta biyu. Rabawa ba wuya. Wajen haɗawa ne ake ɓarna.

Da farko ka dubi wurin aiki. Ƙasarmu rairayi ce, jak yana nutsewa cikinta. Ka nemi daɓen siminti, ko ka shimfiɗa katako mai kauri. Ka tokare ƙafafun baya. Ka buga itace tsakanin moter da ƙarfen ƙafafun gaba, dama da hagu, don kada moter ya kife. Kada ka dogara ga jak kaɗai. Kada yaro ya matso kusa.

Na biyu, faifai. Yana da fuska biyu, ba iri ɗaya ba. Galibi akwai rubutu a fuskar da ke duban moter. Ka duba kafin ka sa. Giris kaɗan za ka shafa a haƙoran sandar ƙarfen da ke fitowa daga akwatin bitesi. Kada ko ɗigo ya taɓa fuskar faifai, in ba haka ba zai riƙa sulɓi. Ka sa faifai tsakiya daidai da ƙarfen saiti, ko da tsohuwar sanda irin ta akwatin, kafin ka ɗaure murfi. Sabon murfi mai hawa biyu yakan zo da ƙananan bulon 3 masu riƙe shi a matse. Bayan ka ɗaure shi, ka cire su.

Na uku, turawa. Ka sami dogayen bulon 2, ka yanke kawunansu, ka ɗaura ɗaya dama ɗaya hagu. Su za su nuna hanya. Ku tura sannu sannu. Ka auna ratar da ke tsakanin sassan biyu, sama da ƙasa, dama da hagu. In ba ta zama ɗaya ba, ka ɗaga jak ko ka sauke.

Sau da yawa tarakta takan tsaya saura kaɗan. Dalili shi ne haƙoran sanda ba su shiga na faifai ba. A ambarayaji mai hawa biyu sanduna biyu ne, ɗaya cikin ɗaya: ta bitesi, da ta ƙarfen baya mai juya injin sussuka ko famfo. Kowace sai ta sami gurbinta. Wani ya juya moter da hannu kaɗan kaɗan, ko ya sa ƙarfen baya ya juya shi, saura suna turawa. Za ka ji ta shige.

Ga babbar magana: kada ka taɓa jawo sassan biyu da ƙarfin bulon. In hannu bai haɗa su ba, akwai abin da bai daidaita ba. Wanda ya matsa da kile, zai lanƙwasa sabon faifai, ko ya fasa bakin akwati. Sai a sake rabawa, a sake aike Maradi ko Yamai neman kaya, ga damina ta kama, gonakin mutane suna jira. Sauri ya haifi nawa.

Sai ƙarfe ya taɓa ƙarfe ko'ina, sannan ka ɗaure bulon, wannan gefe da wancan, bi da bi. Ka mai da ƙarafan tuƙi, da tiyon gazuwal, da wayoyi. Batir shi ne na ƙarshe. In an buɗe hanyar gazuwal, ka fid da iska.

Saura feda. Ka bar mata ɗan wasa kafin ta kama, gwargwadon abin da littafin tarakta ya ce. Babu wasa, ambarayaji zai ƙone. Ka tada moter ba bitesi, ka taka, ka gwada kowane bitesi a fili kafin ka ɗaura garma.

Allah ya ba mu damina mai albarka. Sai sati mai zuwa.