Sarewa da Algaita: Ƙirarsu, Ɗorinsu da Ajiyarsu

Ku sani kayan busa na itace suna cikin abubuwan da ke ɓacewa a ƙasar Gwandu. Daga Jega zuwa Aliero har Maiyama, sarewa ita ce abokiyar makiyayi a daji, algaita kuwa ta ƙofar sarakuna ce. Sunanta ma daga Larabcin Magrib ya zo, inda ake ce mata gaita.

Sarewa akan yi ta da kara ko gora, a huda mata ƙofofi huɗu da ƙarfe mai zafi. Algaita kuwa sai hannu uku sun taru: masassaƙi ya rarake itace, baduku ya lulluɓe shi da fata, maƙeri ya ƙera bakin ƙarfe inda ake soka haki. A 1971 Turawa biyu, Ames da King, suka tattara sunayen waɗannan kaya cikin littafi. Amma a yau yara da yawa bututun roba suke hudawa, ga araha, ga rashin tsagewa, masassaƙa kuwa suna ƙarewa.

Maƙiyan itace uku ne: hunturu, laima da gara. Yawun mai busa yana jiƙa cikinsa, iskar hunturu ta busar da bayansa, sai ya tsage. Maganinsa a tsane shi bayan busa, a shafa masa man gyaɗa ko man kaɗe kaɗan, a rataye shi a inuwa nesa da ƙasa da murhu. In ya tsage, a cike tsagar da kakin zuma, a ɗaure da zare ko ɗanyar fata, wadda in ta bushe takan matse. Mutanen Aliero, da suka shahara da ɗorin ƙashi, sun san karaya ba ta son gaggawa, haka itace.

Ga 'yan kasuwa kuma, dokar Nijeriya ta 1979 ta hana fitar da kayan tarihi waje ba da izini ba. Wanda ya gaji tsohuwar algaita ya kasa riƙonta, gara ya nufi gidan tarihi irin na Kanta a Argungu, wanda aka buɗe a 1958, da ya sallamar da ita ga dillali. Kuɗi na ƙarewa, abin kakanni kuwa in ya ƙetare teku da wuya ya komo.

Tamat.