Tsibiran Maldif: Inda Wuri Ya Fito

 

Ya 'yan'uwa, kalmar nan kuɗi da muke faɗa kullum a kasuwa jam'in wuri ce. Amma kaɗan ne daga fatakenmu suka san cewa wurin da kakanninmu suka yi ciniki da shi a Kurmi, da yawansa daga Maldif ya fito, wasu ƙananan tsibirai kusan 1,200 a cikin Tekun Indiya, waɗanda kamar 200 ne kawai ke da mazauna.

Mutanensu Musulmi ne tun shekarar 1153. Ibn Baɗuɗa ya sauka can wajen 1343, har aka ba shi alƙalanci, zamanin suna bin mazhabar Malikiyya kamar mu. Daga baya ne suka koma Shafi'iyya. Ya ba da labarin yadda ake tsinto wuri da ransa, a binne shi a bakin teku har namansa ya ruɓe. A can dinari guda yakan sayi wuri 400,000, amma a Gawo ya tarar da 1,150 ne dinari. Mai ciniki ya duba wannan riba!

Ƙasar yashi ce, hatsi ba ya yi sosai. Abincinsu kifi ne da kwakwar Attagara, wadda da ɓawonta suke tufka igiya, da itacenta suke sassaƙa jirgi. Kifin tuna kuwa da fatsa suke kama shi, ɗaya bayan ɗaya, su dafa, su kyafe, su shanya har ya yi tauri kamar ice. A ganinmu wannan ya fi kusa da abin da shari'a ke so, domin taru mai share teku ba ya barin na gobe. Tsohon masallacin Juma'arsu na birnin Male, na ƙarni na 17, da dutsen murjani aka gina shi.

To, ga abin damuwa. Mafi yawan ƙasar ba ta ɗara teku da mita guda ba, ga shi teku na ƙaruwa saboda ɗumamar duniya. Alwala ba ta gagare su ba, tunda ruwan teku mai tsarkakewa ne. Na sha ne wahala: a da sai ruwan sama da rijiyoyi marasa zurfi, waɗanda gishiri ya ɓata da yawansu a ambaliyar 2004. A 2009 shugabansu Muhammad Nashid ya tara ministocinsa a ƙarƙashin ruwa, don manyan ƙasashe masu hayaƙin masana'antu su ga inda al'ummarsa ta dosa.