Abin Da Waya Ke Faɗa Game Da Annoba

Yau maganarmu a kan yadda ma'aikatan lafiya ke gane annoba ta shigo gari, da wata sabuwar dabara da aka samu ta wajen wayar hannu.

A zamanin kakanninmu, in agana ta ɓulla a ƙauye, mai unguwa ya gaya wa dagaci, dagaci ya aika wa hakimi, sa'an nan labari ya kai ga Sarki da likita. Kafin masu lamba su iso, sau da yawa cuta ta riga ta ci unguwa biyu. Jinkirin labari shi ne babban abokin annoba.

To, ga dabarar. Kun san mutum in jikinsa ya yi zafi, tun bai je asibiti ba yakan ɗauki waya ya tambayi Google, ya rubuta, "maganin amai da gudawa." Injin yana ƙirga irin waɗannan tambayoyi, ya san daga wace jiha suka fito. In kullum mutum goma ke tambaya, ran nan sai aka ga ɗari, lalle akwai dalili. Jimla ake dubawa, ba sunan kowa ba.

A 2008 kamfanin Google ya fara gwada wannan a Amurka a kan mura mai tsanani. Suka zaɓi tambayoyi iri 45, suka ga lissafinsu yana riga rahoton hukumar lafiya da mako ɗaya ko biyu. Aka yi ta murna. Amma a farkon 2013 injin ya faɗi kusan ninki biyu na abin da likitoci suka gani. Ɗaya daga cikin dalilai shi ne jaridu sun yi ta maganar mura, masu lafiya suka tsorata, su ma suka shiga tambaya. Inji kuwa bai san bambancin mai ciwo da mai tsoro ba. A 2015 aka daina buga lissafin.

Mu ma mun ga abin da tsoro ke yi. A watan Agusta na 2014, da Ebola ta shigo Ikko, labari ya bi wayoyi cikin dare wai a sha ruwan gishiri, a yi wanka da shi. Har rayuka aka rasa, ga shi kuwa cutar ba ta ko zo Arewa ba.

Yanzu mu dawo gida. A 2021 kwalara ta kashe mutum fiye da 3,000 a Nijeriya, Jigawa tana cikin jihohin da suka fi shan wuya. Daga Oktoba 2022 zuwa Afrilu 2023 kuma, cikin mutum 1,686 da aka yi zaton sun kamu da sanƙarau a ƙasar nan, wajen kashi uku cikin huɗu 'yan Jigawa ne, galibi daga wajen iyakarmu da Damagaram. Ku tambayi kanku, su wa suka kwanta? Yaron da ke ƙauye, wanda uwarsa ba ta da waya, ko in akwai tana aljihun maigida a kasuwar Shuwarin. Wannan uwa ba za ta rubuta kome ba. Ɗaliban jami'ar Dutse da ma'aikatan sakatariya su ne masu yawan tambaya, su kuwa ba su ne cuta ta fi kamawa ba. Ga kuma sha'anin harshe. Bahaushe "zazzaɓi" yake cewa, ko na cizon sauro ne, ko taifot, ko farkon sanƙarau. Ni a ganina dabarar kamar haushin kare ce da dare. Yakan tashe ka, amma sai ka fita da fitila ka ga ko ɓarawo ne ko akuya.

Fitilar ita ce rahoton asibiti. Kowace ƙaramar hukuma cikin 27 ɗin nan tana da jami'in sa ido kan cututtuka. Shi ke karɓar labari daga ɗakunan shan magani, ya aika Dutse, daga nan a kai Abuja wurin hukumar NCDC, a auna jini ko ruwan ƙashin baya a tabbatar. Da irin wannan rahoto aka kawo sabuwar allurar sanƙarau Jigawa a watan Maris na 2024.

Saboda haka, in yaro ya yi zazzaɓi mai zafi da ciwon kai, wuyansa ya sandare, musamman daga hunturu zuwa bazara, kada a tsaya duba waya, a kai shi asibiti ran nan. Mai gudawa kamar ruwan shinkafa kuwa a yi ta ba shi ruwan gishiri da sukari tun a hanya. In mutum biyu ko uku suka kwanta da ciwo iri ɗaya a unguwarku, ku gaya wa mai unguwa da malamin asibiti, ko ku kira 6232, ba a biyan ko kwabo.