Kwarin San Luis: Noma a Tsakiyar Hamada

Shirinmu na yau zai kai mu kudancin jihar Kolorado ta Amurka, wani faffaɗan kwari mai suna San Luis. Duwatsun Sangre de Cristo sun tokare shi ta gabas, na San Juan ta yamma, tsayinsa kuma ya haura mita 2,200 daga matakin teku. Ruwan sama kuwa kusan milimita 200 ne kawai a shekara, bai kai na Damagaram ba. Duk da haka dankalin turawa da sha'ir da ciyawar dabbobi suna yi sosai a wurin.

Sirrin yana kan duwatsu. Dusar ƙanƙarar hunturu ce ke narkewa ta cika kogin Rio Grande da ƙananan rafuka. Tun 1852 manoma masu jin Sifaniyanci suka haƙa magudanar ruwa da hannu a garin San Luis, kuma har gobe tana aiki. Kafin shuka, masu gonaki sukan fito da shebur su yashe ta tare, kamar gayya, sannan mai rabon ruwa ya ba kowa lokacinsa. Wannan tsari ya cancanci yabo.

Matsala ta zo ne da rijiyoyin burtsatse. An yi ta zuƙo ruwan ƙarƙashin ƙasa ba kama hannun yaro, har farin 2002 ya fallasa ɓarnar. Ga yarjejeniyar 1938 da ta tilasta sakar wa jihohin Niyu Meziko da Tekzas rabonsu na ruwan kogin Rio Grande. Sai manoman suka ɗora wa kansu kuɗi kan duk ruwan da suka zuƙo, ana biyan wasu su bar gonakinsu su huta. Abu ne mai ɗaci, amma shi ne daidai.

Masu yawon shaƙatawa ma moriyar ruwan nan suke ci. A Alamosa mutane na tattaki da hawan keke a hanyoyin bakin kogi. A watan Maris dubban gauraki kan sauka a fadamun Monte Vista. A gandun tsaunukan yashi na Great Sand Dunes, yara na wasa cikin rafin Medano idan ƙanƙara ta narke.

Shi ya sa mutanen kwarin suka ƙi amincewa da masu son janye ruwansu ta bututu zuwa unguwannin kusa da Denba. Mu ma, masu noman rani, mu lura da rijiyoyinmu tun ruwan bai yi nisa ba.