Fita Ƙasar Waje a kan Babur

Idan kana zaune a Bauchi, kuma ka yi niyyar zuwa Jamhuriyar Benin ko Gana a kan babur, to, fara da shirya takardu. Wanda ya isa kan iyaka babu su, komawa gida zai yi.

Da farko ka nemi fasfo a ofishin Hukumar Shige da Fice. Bisa yarjejeniyar ƙungiyar ECOWAS ta 1979, ɗan Nijeriya yana iya shiga ƙasashen ƙungiyar ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90. Amma Nijar ta fice daga ƙungiyar a watan Janairun 2025. Saboda haka, in Maraɗi ka nufa, ka tambayi hukuma kafin ka tashi.

Bayan fasfo, ka riƙe lasisin tuƙi, da takardun da ke nuna babur ɗin naka ne, da katin rigakafin cutar shawara. Akwai kuma inshorar da ake kira Brown Card. Idan ka buge wani a ƙasar waje, ita za ta biya shi diyya.

Daga nan sai ka kai babur wurin makanike, ya duba birki da taya da fitila. Ka sa hular kwano, ka canja kuɗinka, kada kuma ka yi tafiyar dare. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.